Lambar da ke kan kwamfuta ba ita ce tsayin harafi ba

Ƙannena masu koyon zane a shagunan bugu na Bauchi, wani mai kawo aiki da ma'aunin ƙafa da inci yake magana, wani kuma da santimita. Kwamfuta kuwa da foyin (point) take auna rubutu, wato lambar da kake zaɓa don girman rubutu. Kai ne mai haɗa su, kuma in aiki ya ɓaci kanka zai faɗo.

Lissafin ba shi da wuya. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma foyin 72 ne. Ƙafa ɗaya inci 12. Ka rubuta su ka manna a gefen tebur.

Amma ga inda ni na yi tuntuɓe. Wani dattijo mai shago a wajen Kasuwar Wunti ya nemi allon talla, ya ce sunan shagon ya kai inci 6 a tsayi don a hango shi daga titi. Na ninka 6 da 72, na sa 432, na aika aka buga. Da ya ɗora tef ɗin awo a kan harafin farko, inci 4 da 'yan kai ya samu. Ya dube ni ya ce, “Yaro, ba haka muka yi ba.” Daga aljihuna aka sake bugun.

Ashe foyin yana auna dukan gidan da harafi ke zaune ne, har da sararin da aka ware wa jelar g da y a ƙasa. Babban baƙi a salon rubutun Arial kusan kashi 70 cikin ɗari na gidan yake ci, don haka sai wajen foyin 600 zai kai inci 6. Wani salon rubutun ma rabonsa daban ne. Saboda haka a babban aiki ka mayar da rubutun ya zama zane a manhajar CorelDraw, ka auna harafin kansa.

Ka kuma duba takarda kafin ka fara. Word yakan buɗe da Letter ta Amurka, inci 8.5 da 11, alhali A4 muke saya a kasuwa, milimita 210 da 297. Bambancin kaɗan ne, amma ya isa ya ture tsarin shafi.

In katin ɗaurin aure ne, buga guda ɗaya tak, ka miƙa wa wani dattijo ya karanta kafin ka saki injin. Rubutun foyin 8 yakan yi kyau a kwamfuta don ka zuƙo shi, a takarda kuwa sai da tabarau.