Murfin Cibiyar Wili a Motocin Farko

Mutane da yawa suna ɗaukar murfin da ke tsakiyar wilin mota a matsayin kayan ado kawai, amma a zamanin da mota ta fara fitowa aikin tsaro yake yi. Daga keken doki aka gaje shi. Wilin keken doki yana juyawa ne a kan gatari, wato sandar da ke ratsa cibiyarsa, da aka shafa wa giris, don haka maƙera suka riƙa toshe bakin cibiyar da ɗan murfi, domin kada giris ya tsiyaye, kada kuma ƙura ta shiga.

Masu ƙera motocin farko a Amurka da Turai sun ɗauki wannan dabara yadda take, kuma sun fi masu keken doki bukatarta, saboda mota ta fi gudu, alhali yawancin hanyoyin lokacin ba su da kwalta. Idan yashi ya haɗu da giris a cikin boris, wato ƙarfen da wili ke juyawa a kansa, sai ya riƙa cin ƙarfen a hankali har wili ya fara rawa.

Motar Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, ita ce misalin da ya fi burge ni. A yawancin shekarunta wilinta na katako ne, murfin kuwa bai kai girman kofin shayi ba, ana murɗa shi a kan cibiya, ya rufe notin da ke riƙe wilin tare da ɗan fil ɗin da ke hana notin kwancewa. A shekarun farko da tagulla ake yin sa, da sunan Ford a fuskarsa, mai mota kuma yana goge shi har ya yi ƙyalli. Sauran kamfanoni ma sun gane cewa sun sami wurin talla kyauta a kan murfin. Kamfanin motoci na Packard ya sa jan tambari mai kusurwa shida a tsakiyar nasa, ana gane motar tun daga nesa.

A shekarun 1930, da wilin ƙarfe ya maye gurbin na katako da na waya, murfin ya faɗaɗa ya zama faifan da ake mannawa ya ɓoye notocin taya. A ganina, daga lokacin ne ado ya rinjayi aiki, domin kare boris ya koma wuyan wani ƙaramin murfi daban da ke ɓoye a ƙarƙashin faifan.