Farar hoda a kan shuɗiyar takarda: sai a karo na 14 ta fito fes

Jiya da daddare, bayan kwana 9 ina fama, farin rubutun nan ya tashi a kan shuɗiyar takarda babu ɗigo ko ɗaya a gefensa. Na ɗaga katin saitin fitila, na karkata shi hagu na karkata shi dama ina neman aibu, ban samu ba. Sai da na zauna na daɗe ina kallonsa don daɗi. Duk wanda ya taɓa zuba farar hodar narkarwa, wato garin robar da ake narkarwa da zafi don rubutu ya yi tudu, a kan takarda mai duhu a cikinku ya san abin da nake nufi, don haka bari in faɗa muku yadda aka yi tun abin bai huce ba.

Tsarin da na yi da farko ba shi da wuya. Katunan gaisuwa 12 iri ɗaya, a raba kwalin A4 gida biyu, a ninke kowane rabi ya koma milimita 105 da 148, daidai shiga ambulan C6. A fuskar kowanne a manna shuɗiyar takarda da aka goga wa tawada a gefe-gefe don ta ƙara duhu kamar sararin sama da dare, a buga hatimin reshen ganye da na kalmomin gaisuwa da VersaMark, wata tawada mai danƙo marar launi da ke kama hoda, a zuba farar hoda, a narkar. Na ware rana ɗaya ta yanka da ninki, ɗaya ta gugar tawada, ɗaya ta bugu. Ina! Yanka da ninkin kaɗai suka tafi yadda na so. Daga nan komai ya cakuɗe, ina goga wannan ina buga wancan, ina sake yanka sabuwar takarda a madadin wadda na ɓata.

Matsalar ita ce ɗigo-ɗigo. Da zarar na zuba hoda na karkaɗe, sai in ga ta maƙale a inda hatimi bai taɓa ba. Kafin a sa zafi abin kamar ƙura ce kawai, ido yana iya wuce ta. Da an hura mata zafi sai kowace ƙwaya ta narke ta zauna daram, fara tas a kan shuɗi, kuma babu mai cire ta. Wata da na nuna wa ta ce in bar su haka, ai sun yi kama da taurari. Da a ce sun watsu daidai da na yarda. Amma a wuri-wuri suke taruwa, gefen hagu ya yi kamar an barbaɗa masa alli, tsakiya kuma babu komai. A takarda ta 4 ma babban yatsana ne ya fito ɓaro-ɓaro a kusurwar ƙasa, da duk zane-zanensa, fari ƙal. Ranar na ji haushi ƙwarai, na kashe fitila na bar teburin yadda yake.

Da farko na ɗora wa hodar laifi. Na ce ƙwayarta ta yi girma, na je na sayo wata mai laushi wadda ake yi don siraran haruffa. Kuɗin ya yi mini ciwo, domin ɗan mitsitsin kwalba ne, kuma ban gama ta farkon ba. Haruffa sun ƙara fitowa da kyau, wannan gaskiya ne, amma ɗigo-ɗigon suna nan, har sun fi yawa, tunda mai laushi ta fi saurin kama wuri.

Sai na koma kan wutar nan da ke taruwa a jikin takarda, irin wadda ke sa gashi ya miƙe idan an goga masa balan-balan. Hodar narkarwa garin roba ce, ita kuwa wannan wuta jawo ta take yi, musamman idan iska ta bushe. Ba ni da 'yar jakar da ake shafa wa takarda don kashe wannan wuta, sai na ɗaure sitaci a ƙyalle mai laushi na riƙa bubbuga wa takarda kafin bugu. Na kuma daina kama fuskarta da hannu, sai ta baki-baki ko da hantsaki, saboda maiƙon yatsa ma kama hoda yake yi. Tsakiyar takarda ta gyaru sarai. Gefe kuwa ko gezau. Na gwada share ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da siririn burushi kafin in sa zafi, na kwashe kusan minti 20 a kan takarda guda, daga ƙarshe hannuna ya goce na share wutsiyar wani harafi. Ita ma ta bi sauran.

Abin da ya buɗe mini ido kuskure ne. Shekaranjiya na ɗauko takarda ina tsammanin na riga na buga mata hatimi, tunda tawadar ba ta da launi kuma hasken ɗakin ya yi ƙasa, na zuba mata hoda. Da na karkaɗe sai na ga babu ganye babu rubutu, amma ga hoda ta zagaye gefen takardar kaf, daidai inda na goga shuɗiyar tawada, ta fi kauri a inda na fi dannawa. Nan take na gane. Tawadar gugar ce ba ta bushe ba. Irin wannan tawada da gangan ake yin ta ta daɗe da danshi don a samu damar baza ta, launi ya shiga launi. Ni kuwa ina taɓa ta da bayan yatsa in ji ba ta shafe ni ba, sai in ce ta bushe. Bushewar da yatsa ke ji daban, wadda hoda ke ji daban. Takardar tawa kuma mai santsi ce, ba ta shan tawada da sauri, sai danshin ya zauna a sama. Takardu 13 na ɓata ina zargin hoda da iska da hannuna, alhali matsalar tana ƙarƙashinsu duka.

Yanzu ga yadda nake yi. Idan na gama guga, sai in bi gefen da na'urar hura zafi har in tabbatar, in ajiye takardar ta huce. Daga nan in gwada ta: in zuba mata hoda haka nan ba tare da na buga komai ba. Idan ta zame duka ta koma kwalba, takarda ta shirya. Idan ta kama ko kaɗan, in share da busasshen burushi in sake busarwa. Wasu sai da na yi musu haka sau 3. Bayan nan ne sitaci, sannan hatimi. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba, kuma da na san shi tun farko da ban sayi kwalba ta biyu ba.

Na san wasunku za su ce me ya hana in narkar da hodar tukuna, in goga tawada daga baya, tunda narkakkiyar hoda ba ta shan tawada. Na gwada sau 2. Dabarar tana aiki, ana goge abin da ya hau rubutun da ƙyalle, amma a wurina siraran haruffan sun ɗan ɗauki shuɗi-shuɗi a bakinsu, ni kuwa fari tas nake so. Ga manyan zane zan koma mata ba tare da shakka ba.

Abu ɗaya kan hatimin, tunda an zo wurin. Reshen ganyen na jar roba ne, bai taɓa ba ni matsala ba. Rubutun kuwa irin mai haske ne da ake mannawa a jikin gilashin roba, kuma ya fi laushi, da na danna da ƙarfi sai haruffa su baje, cikin "a" da "e" ya toshe. Na koma amfani da allon nan mai murfi da maganaɗisu da ke riƙe hatimi da takarda kada su gusa, in buga a hankali sau 2 a wuri ɗaya maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Bambancin a bayyane yake.

Wajen narkarwa ma na gyara hannu. Ina kunna na'urar ta yi kamar daƙiƙa 30 tana hura iska a gefe kafin in kai ta kan takarda, don zafin ya riga ya kai, hodar ta narke da sauri. Ku sa ido sosai a nan: za ku ga garin ya juye daga gari-gari zuwa santsi mai sheƙi, yana bin harafi kamar ruwa na bin kwari. Da ya juye ku matsa gaba. Idan kuka tsaya a wuri ɗaya, sai ya nutse cikin takarda, sheƙin ya mutu, tudun ya kwanta. Haka na yi wa takarda ta 9, har bayanta ya soma yin ruwan ƙasa.

Abin da ban shawo kansa ba tukuna shi ne kantarewa. Yanzu kowace takarda tana shan zafi sau 2 ko fiye, sai ta fito a lanƙwashe duk da cewa mai kauri ce, giram 250 a murabba'in mita. Ina ɗan hura mata zafi ta baya, in danne ta ƙarƙashin manyan littattafai ta kwana, sannan in bi bakinta duka da tef mai danƙo ta fuska biyu kafin in manna a jikin katin. Ta fi da, amma kusurwa ɗaya kan so ta ɗaga. Idan akwai wanda ya gwada giram 300 a irin wannan aiki, ina so in ji ko ta fi zama lafiya.

Bayan ta 14 ɗin na ƙara 4 a daren jiya, duka suka fito fes, sun zama 5 ke nan a jere a kan tebur. Saura 7, shuɗiyar takardar da ta rage mini kuma A4 guda 2 ce, wato fuska 8. Yau da yamma zan yanka su, in goge gefensu duka, in bar su su kwana a buɗe kafin hatimi ya taɓa ko ɗaya.