Garin Su Bret Hart

Ranar da takardun tafiyata Kanada suka fito, wani abokina ya tambaye ni a majalisar mai shayi wane gari zan sauka. Na ce Calgary. Sai ya miƙe tsaye, ya ɗauki cokali ya kai baki kamar lasifika, ya ja murya irin ta mai sanarwa: "Calgary, Alberta, Kanada!" Aka kwashe da dariya har mai shayi ya kusa ɓarar da madara. Ni ma dai iyakar abin da na sani game da garin ke nan. Garin su Bret Hart ne, shahararren ɗan wasan resilin.

Mu da muka taso a Funtuwa a shekarun 1990, resilin a gidan kallo muka san shi, a kaset ɗin da ya sha hannu har hotonsa na rawa, janareta na kuka a bayan zana. Kaset kan iso mu shekara ɗaya ko biyu bayan an yi wasan, ba abin da ya dame mu. Kowa da gwaninsa. Akwai 'yan Andateka, akwai 'yan Shawn Michaels, ni kuwa ina bayan Bret, mai kaya baƙi da ruwan hoda, wanda kafin ya hau dandali sai ya cire tabarau ya sanya wa wani yaro a cikin 'yan kallo. Musu ɗaya ne ba ya ƙarewa: gaske ne ko shiri? Yayana ya rantse jinin nan tumatir ne.

Na sauka a watan Nuwamba na 2017, ni kaɗai, iyali na gida. An faɗa mini sanyi, amma ji ba gani ba ne. Akwai safiyar da ma'auni ya sauka ƙasa da sifili da 30, gashin hancina ya daskare kafin in kai tashar jirgin ƙasa. A Disamba rana kan faɗi wajen huɗu da rabi, ka idar da La'asar ka juya ka ga Magariba ta yi. Sai dai duk wannan bai kai shirun mutane ciwo ba. Maƙwabci zai yi maka murmushi, ya riƙe maka ƙofa, ya wuce. Babu ina gajiya, babu ya iyali, babu wanda zai tsaya ya ɓata maka minti goma da gaisuwa. Na yi karatun akanta, na yi shekara tara ina aikinsa, amma duk inda na kai takarda sai a ce ana son wanda ya taɓa aiki a ƙasar. Ƙarshenta na samu aikin dare a wani sito, ina loda kwalaye.

A sashenmu akwai wani dattijon Bature mai tuƙa motar ɗaga kaya. Wata uku muna tare, maganarmu ba ta wuce sannu ba. Wani dare, wajen ƙarfe biyu, muna hutu, kewa ta ishe ni, na buɗe waya ina kallon karon Bret da ƙanensa Owen na WrestleMania ta 1994 a Madison Square Garden, wanda ƙane ya kayar da wa. Ban san yana bayana ba sai da na ji ya ce, "Ina ka san waɗannan yaran?" Yaran fa ya ce. Na ce tun ina ɗan shekara goma. Ya jawo kujera ya zauna, kofinsa na gahawa ya huce bai kurɓa ba. Tun daren nake ce masa Baba. Ya tambayi ma'anar, na gaya masa, ya ce ya karɓa.

A bakinsa na ji asalin labarin. Mahaifinsa ne yake kai shi Victoria Pavilion duk daren Juma'a, a filin bikin Stampede, inda Stu Hart, uban su Bret, yake shirya wasanninsa. Stu ya fara harkar tun 1948, ya haifi 'ya'ya 12 da matarsa Helen. Mazan takwas duk sun shiga sana'ar ta wata fuska, matan huɗu duk 'yan kokawa suka aura, ciki har da Jim Neidhart da Davey Boy Smith ɗan Ingila. A ƙarƙashin gidansu akwai ɗakin horo da ake kira Dungeon, wato kurkuku, inda tsohon yake murɗe ƙattai har a ji ihunsu a sama ana cin abinci. Na ce masa ai wannan ba baƙon abu ba ne wurinmu, sana'ar gado ce, kamar yadda dambe ya taso a hannun mahauta. Cika bakin da suke yi da lasifika kafin karo ma kirari ne. Mutumin da zai ce babu kamarsa yau, ba a yi jiya ba, ba kuma za a yi gobe ba, makaɗi kawai ya rasa.

Abin da kaset bai taɓa nuna mini ba shi ne abin da Bret yake nufi ga mutanen nan. A 1997 an mayar da shi mugu a wasan, yana zagin Amurkawa, a can ana yi masa ihu, da ya tsallako iyaka kuma sai ya zama gwarzo. Baba yana cikin zauren Saddledome na Calgary ranar 6 ga Yuli na shekarar, da aka yi karon mutum biyar da biyar, gidan Hart da su Steve Austin, Owen ya danne Austin aka ƙirga uku, dangi kaf suka cika dandali har da tsoho Stu. Ya ce bai taɓa jin ƙara irin ta daren ba. Daga nan na fara gane mutanen da nake zaune cikinsu: masu kawaici ne, amma akwai abin da ke cin su game da babban maƙwabcinsu na kudu, mai yawan jama'a da yawan surutu. Da na ba wani abokina ɗan Maraɗi labarin a masallaci, dariya ya yi ya ce yanzu ka san yadda muke ji da ku.

Wata rana na yi masa tambayar gidan kallo, gaske ne ko shiri. Ya ce wanda zai ci a rubuce yake, amma faɗuwa a kan katako ba a rubuta ta, ƙashin bayanka ne zai biya. Sannan ya kawo labarin abin da ya faru a birnin Montreal. Bret zai bar kamfanin Vince McMahon ya koma kamfanin hamayya na WCW, kambu na hannunsa, tsakaninsa da Shawn Michaels kuma ƙiyayya ce ta gaske, ya ce ba zai ba shi kambun a ƙasar Kanada ba. Aka shirya cewa wasan zai watse ba tare da kambu ya sauya hannu ba. Ranar 9 ga Nuwamba 1997, Shawn ya ɗaure shi da kamun da shi Bret ya yi suna da shi, Sharpshooter, sai McMahon ya sa aka buga ƙararrawa alhali bai miƙa wuya ba. Bret ya tofa masa yawu a bainar jama'a, a ɗakin sauya kaya kuma ya kai masa naushi. Sai a Janairun 2010 shi da Shawn suka yi musabaha a gaban duniya. Baba dai har yau bai huce ba. Ni a ganina Bret ma ya cika taurin kai, tunda mai barin gida ba ya tafiya da tukunyar gida, amma ban taɓa faɗa masa haka ba.

Bayan wata takwas ina aikin sito, shugaban sashenmu ya yi mini alkawarin kujera a ofishin lissafi. Na sayi riga, na kira gida na ba da albishir. Ana saura kwana biyu aka ce an ba wani. Na zauna a ɗakin hutu ko abinci na kasa buɗewa. Baba ya dube ni ya ce, "Sun yi maka Montreal." Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Washegari ya haɗa ni da surukarsa, ita ta nuna mini yadda ake tsara takardar neman aiki a nan da kwas ɗin da ya kamata in yi. Aikin da nake yi yanzu ta nan ya biyo.

Maganar Owen ce kaɗai ba ya so. Ranar 23 ga Mayu 1999 a Kansas City, ana sauko da shi daga rufin zaure da igiya, maƙalin ya kwance, ya faɗo daga tsayin sama da mita 20. Shekararsa 34. Aka ɗauke shi, aka ci gaba da wasa. Na tuna lokacin da labarin ya iso Funtuwa ba mu yarda ba, muka ce ai Andateka ma an binne shi ya dawo. Da na faɗa wa Baba haka bai yi dariya ba. Ya ce a nan garin aka binne shi, kuma tun daga ranar bai sake biyan kuɗin kallon wasan kamfanin ba.

Iyalina sun iso a 2019. Da Babbar Sallah muka gayyace shi, ya ci tuwon shinkafa da cokali mai yatsu, na nuna masa bidiyon dambe a waya, hannu naɗe da zare, kalangu na tashi. Da aka yi kisa ya ce in mayar baya. Sau uku yana kallo, sannan ya tambaya wa ke zaɓar wanda zai faɗi. Na ce sai dai Allah.

Da yamma ya kwashe mu a motarsa zuwa yammacin gari, unguwar Patterson Heights, ya tsaya a gefen titi ya nuna mana wani tsohon gidan jan bulo a kan tudu. Stu ya saye shi a 1951, bayan rasuwarsa a 2003 aka sayar. Daga waje muka tsaya, don gidan mutane ne. Na ɗauki hoto na tura wa 'yan majalisa a WhatsApp. Ba a yi minti biyar ba yayana ya amsa: "Ƙarya kake, ina dandalin? Kuma har gobe jinin nan tumatir ne."