Ciwon da aka ce bai cika kama baƙar fata ba

Duk littafin likitan fata da ka buɗe, hoton soriyasis kusan iri ɗaya za ka tarar: jan tabo a gwiwar hannun Bature, da farin ɓawo a kansa. Nawa ba haka yake ba. A gwiwar hannuna da ƙeyata launinsa tsakanin toka-toka ne da shunayya, ɓawon kauri gare shi, in na sosa sai ya zubo a kafaɗar riga kamar garin alli. Idan ya lafa kuma ya bar baƙin tabo da ke daɗewa fiye da ciwon kansa. Kafin a gane shi, an ce mini makero ne, an ce kirci ne, an ce amosanin kai ne ya yi yawa.

Ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, sai fatar da ta saba sabunta kanta cikin kusan wata guda ta koma yi cikin kwana 3 zuwa 4, ɓawo ya hau kan ɓawo.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wai bai cika kama baƙar fata ba. Akwai alƙaluma a bayanta: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Amurka tsakanin 2011 da 2014 ya samu kashi 3.6 cikin 100 na fararen fata suna da shi, baƙaƙe kuwa kashi 1.5. Amma fa tambayar mutane aka yi ko likita ya taɓa ce musu suna da ciwon. To wanda aka sallama da man makero fa, a wane layi ya faɗa? Hatta ma'aunin PASI da likitoci ke auna tsananin ciwon da shi, ja na cikin abubuwan da yake ƙirgawa. Fatar da ba ta nuna ja sai makinta ya sauka, mai ita kuwa yana kwana yana susa.

Ta fuskar gado, ƙwayar halittar da aka fi dangantawa da ciwon ita ce HLA-Cw6, a kuromosom na 6, ɗaya daga cikin ƙullin da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar mutum. An gano ta, da sauran gomman ƙwayoyin halittar da aka alaƙanta da soriyasis, galibi ta hanyar nazarin jinin Turawa da 'yan gabashin Asiya. Wani lissafi da mujallar Nature ta buga a 2016 ya nuna kashi 81 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu asalin Turai ne, masu asalin Afirka kashi 3 kacal. Alhali babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin halitta a tsakaninsu.

Hatta magani yana da wannan tabon. Sabulun kai da aka rubuta mini, umarninsa a riƙa wanke kai da shi a kai a kai. Wanda ya tsara wannan bai san kitso ba. Sai a 2022 kamfanin Janssen ya fara gwajin VISIBLE, na maganin guselkumab, musamman a kan marasa lafiyar da ba fararen fata ba. An makara, amma gara da aka yi.

Abin da na fi so a tono shi ne na cikin Afirka kanta. Tsofaffin rahotannin asibitocin fata sun nuna ana ganin ciwon a Kenya da Uganda da Tanzaniya fiye da Najeriya da Ghana. Dukansu baƙar fata ne, don haka launi bai amsa komai ba a nan. Gado ne ya bambanta, ko yanayi? An san rana tana sassauta ciwon, sanyi da bushewar iska suna tayar da shi. Ciwon makogwaro na ƙwayar bakteriyar da ake kira strep yana haddasa wani nau'insa mai ƙananan ɗigo, musamman a yara. Taba, giya, ƙiba da damuwa suna ƙara shi, HIV na tsananta shi, haka ma kulorokwin, wanda aka yi shekara da shekaru ana sha saboda zazzaɓin cizon sauro a faɗin nahiyar.

Shirin H3Africa, na binciken gado da lafiya a Afirka, da aka ƙaddamar a 2010, ya riga ya nuna ana iya tattara samfurin jini da nazarinsa a cikin Afirka, a hannun masana na Afirka. Ni da za a tambaye ni, a ɗauki masu soriyasis daga gabas da yamma, a duba jininsu, a rubuta inda suka girma da magungunan da suka sha, kuma likitan da ya saba da ganin ciwon a baƙar fata shi zai tantance wanda zai shiga binciken.