Kafin a zuba intalok, a ware wa wardi wurinsa

Yanzu a Kano idan ka ce za ka gyara gida, kafin ka rufe baki an ba ka shawara uku: a ɗora dogon kwano, a yi silin ɗin POP, a shafe tsakar gida da intalok ko tayil har bakin rariya. Biyun farko ba ni da ja a kansu sosai. Ta ukun ce na ƙi. Ƙawayena suna yawan tambayata yadda aka yi wardi yake fure a gidanmu na Gwammaja alhali su kullum suna saye yana mutuwa, kuma yawanci mai sayar da fulawa suke zargi. Ni a ganina tun ranar da lebura ya fara kwaɓa siminti ake yanke wa shukar hukunci, tun ba a ma sayo ta ba.

Gidan namu na gado ne. Soro da ɗakin Inna ginin tubali ne da azara, sauran ɗakunan kuma bulo ne da marigayi Baba ya ƙara daga baya. Damina ce ta tilasta mana gyara: rufin soro ya fara yoyo, indararo ya karye, katangar yamma kuma fuskarta ta cikin gida tana ta zaizayewa, don ita ce ke kallon gabas, kuma ruwan Kano da iskarsa daga gabas suke bugowa. Yayana ya so a rushe ɓangaren ƙasar gaba ɗaya a huta. Na ce masa, "Yaya, a watan Afrilu ina kake gudu ka kwanta da rana?" Bai ce komai ba, don ya san soron nan yake shimfiɗa tabarma. Katangar ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi, ba ta sako shi sai dare ya yi nisa. Ɗakin bulo mai kwano kuwa kafin azahar ya gama ɗaukar zafi.

Wani dattijon magini muka samo daga cikin gari, irin waɗanda suka gaji sana'ar. Da na tambaye shi ko za a yi wa katangar ƙasar filasta da siminti, sai ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, siminti a kan ƙasa auren dole ne, damina biyu za ki ga sun rabu." Bayaninsa shi ne ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuma ya toshe mata hanya, sai danshi ya taru a baya, filastar ta ɓanɓaro da faɗi ta tafi da naman katangar. Shi makuba ya sani, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga rijiyoyin marina irin na Ƙofar Mata. Azara kuma daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa wadda ke rufin soronmu ta girme ni amma kaɗan ce aka canja. Wanda bai taɓa ganin abin da waɗannan kayan suke iya yi ba, ya leƙa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa.

Ɓangaren bulo shi ya ci kuɗi. Rodi da kwano da ƙusa a Ƙofar Ruwa muka saya, nan kusa da mu, katako a 'Yan Katako na Na'ibawa, tayil da kayan famfo a Sabon Gari. Simintin da muke gini da shi daga nesa yake tahowa, daga Obajana a jihar Kogi, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe, saboda haka duk abin da ya taɓa kuɗin mota ya taɓa shi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 kuma buhu mai kilo 50 ya haura naira 10,000. Idan siminti ya yi tsada, wasu masu buga bulo yashi suke ƙarawa. Mun karɓi wani lodi da idan ka kankara da ƙusa gari yake zubowa, muka mayar. Bulo da filasta suna son a riƙa ba su ruwa aƙalla kwana 7, siminti kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, amma wa ke jira yanzu? Kwano ma a tambayi kaurinsa, milimita 0.45 ne ko 0.55, kada a tsaya kallon launi.

To ga inda maganar ta haɗu da wardi. Leburori wurin da ya fi musu sauƙi suke kwaɓa siminti, a nan suke wanke shebur da kwanon ɗiba, a nan kuma ake tura guntayen bulo da ɓaraguzan filasta a rufe da ƙasa idan an gama. Wurin nan kuwa kusan kullum shi ne ɗan filin da matar gida ta ce a bar mata na shuka. Siminti yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, yana kashe tsamin ƙasa. Wardi kuma ƙasa mai ɗan tsami-tsami yake so, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH. Idan tsamin ya tafi, saiwar ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan jibge. Alamar ba ta ɓuya: sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kore shar. Mai shuka ta ɗauka ƙishi ne ta ƙara ruwa, ruwan ya kwanta a kan ɓaraguzai, saiwa ta ruɓe. Wata ma toka take barbaɗawa don korar gara, toka kuma ƙara tsananta matsalar take yi.

Saboda haka tun kafin a sauke buhun farko na sa aka kewaye wurina da tsofaffin kwanukan da aka cire daga rufi, na ce ko ruwan wanke hannu kada a zuba a ciki. Sun yi ta dariya, suna ce masa gonar Hajiya. Wadda aikin ya riga ya wuce a gidanta, sai ta haƙa rami ya kai rabin mita, ta kwashe duk abin da ke ciki ta zubar can, ta cika da sabuwar ƙasa. Ni ƙasar lambu na haɗa da ɗan yashi, da takin awaki wanda ya shekara ya ruɓe, da ɓuntun shinkafa da ake samu a arha wajen masu injin casa, irin na Kura. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Wurin da kansa a gaban katangar yamma yake, amma da tazarar fiye da mita ɗaya, don ban ruwa a gindin ginin ƙasa neman rushe shi ne, ko na bulo ne ma za ki ga fenti yana kumbura yana fitar da farin gishiri. Daga fitowar rana har wajen azahar rana tana kansa, wardi kuwa yana son kamar awa 6 na hasken rana. Daga nan inuwar katanga ta rufe shi. Ranar la'asar ta bazara ita ke soya furen. Intalok ɗin kuma hanya kawai aka yi da shi, daga soro zuwa ƙofofin ɗakuna da kewayen famfo. Inda aka shafe ko'ina, dutsen yini yake yana shan zafi ya kwana yana fitarwa, ruwan sama kuma ba inda zai nitse, duk sai ya kwarara lungu. Daga baya mu zo muna kukan kwatami ta cika.

Ya kamata a san cewa wardi baƙo ne a yanayinmu. Ta'ifa, inda alhazai ke sayo turarensa, a kan duwatsu take masu sanyi. Gonakin Naibasha a Kenya, da ke aika furanni Turai, sun kusa mita 1,900 a sama da teku. Jos tana wajen mita 1,200. Kano ba ta kai 500 ba. Shi ya sa idan kin ga wani mai manyan furanni jajur a bakin titi cikin unguwar Nasarawa, ki tambayi mai shi, "Malam, nan aka raine shi ko saukowarsa ke nan daga Jos?" Na fi amincewa da ƙananan nan masu ruwan hoda da ƙamshi, waɗanda suka daɗe a gidajen mutane suka saba da wahala. Lokacin dasawa kuma ƙarshen damina ne, wajen Oktoba, don hunturu shi ne kakar wardi a Kano. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake ba da fure mai kyau. Da bazara furen ƙanƙancewa yake yi, kada a matsa masa da taki, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa kawai a jira.

Ruwa kuwa, mu da muke saye a hannun 'yan garuwa ba ma wasa da shi. Dabarar da na fi alfahari da ita a duk gyaran nan ita ce wurin alwala: na sa mai famfo ya karkata 'yar magudanarsa zuwa gindin shukokin. Salla biyar, ga masu gida ga baƙi, ƙasar ba ta bushewa. Ruwan wanki da na wanke-wanke kam ba ya zuwa wurin, sabulu ba ya yi musu daɗi. Da hunturu nakan ɗauraye ganyen da safe, musamman bayansa, don a cikin ƙura wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa suke yaɗuwa. Da damina akasin haka ne, jiƙa ganye ke kawo baƙin tabo, sai a tsinke waɗanda suka kamu a ƙone. Idan darɓa ta taru a kan tofo, 'ya'yan darbejiya nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace in fesa da yamma.

Surukata da ta zo ganin gida ta ce, "'Yar nan, me za a ci a jikin fure? Ai da zogale kika sa." Zogale na nan bayan kicin, Gwaggo, na nuna mata. Wadda ba ta da ruwan da za ta riƙa yi wa wardi hidima, shukar kariya ta fi mata, tana jure fari tana fure, sai dai ruwan jikinta guba ne, a nesanta ta da yara da awaki.

Idan fure ya yi yaushi, a bi reshen ƙasa zuwa ganye na farko mai 'ya'ya biyar, a yanke a karkace a saman idon da ke kallon waje. Wanda aka yi wa aure, wato aka ɗora shi a kan wani gindi, duk reshen da ya tsiro daga ƙasan mahaɗar a fizge shi, in ba haka ba shi zai cinye wardin da aka ɗora. Rassan da nake yankewa a Oktoba ba na zubarwa. Masu kaurin fensir nake zaɓa, tsawon taƙi ɗaya, in cire ganyen ƙasa, in soka a ledar fiya-wata da aka cika da yashi da ɓuntu, in ajiye a inuwa. Wasu su kama wasu su bushe. Masu son dashe su yi mini magana kafin Disamba, amma su fara haƙa ramin su ga abin da magina suka binne musu.