Abin da Nake Dubawa Kafin In Kira Mai Rubuta Manhaja

Ƙaramin kamfani nake da shi, muna rubuta wa 'yan kasuwa da ƙungiyoyi manhaja, kuma da yake ba mu da sashen ɗaukar ma'aikata, ni da kaina nake tantance masu neman aiki. Hanyata ba ta bambanta da ta masu nemo wa manyan kamfanoni ma'aikata ba, domin kafin a kira mutum an riga an binciki sunansa a intanet.

A LinkedIn, dandalin intanet da ma'aikata ke saka bayanan sana'arsu, ake fara ganin mutum. Mai neman ma'aikaci yakan rubuta harshen rubuta manhajar da yake buƙata, kamar Python ko JavaScript, sai waɗanda suka ambace shi a bayanansu su fito. Wannan yana sa a same ka ne kawai, yarda kuwa sai an ga aikinka.

Shi ya sa na fi daɗewa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Nakan buɗe aiki guda, in karanta fayil ɗin README mai bayanin yadda ake amfani da manhajar, in bi umarninsa daki-daki in ga ko manhajar za ta tashi a kwamfutata. Aiki ɗaya da aka kammala ya fi mini ashirin da aka kwaikwayo daga darussan bidiyo aka watsar a rabi. Daga nan sai in shiga tarihin gyare-gyare, domin Git, tsarin da GitHub ya ginu a kansa, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana adana kowane sauyi tare da bayanin mai shi. Wani zai rubuta "gyara" kawai, wani kuma ya rubuta "na hana manhajar karɓar ranar haihuwar da ba ta zo ba tukuna", kuma na biyun nan ya tuna da abokin aikin da zai gaji rubutunsa.

Idan mai neman aikin ya taɓa ba da gudummawa ga manhajar da kowa ke iya gyarawa, nakan karanta yadda ya amsa sa'ad da aka nuna masa kuskurensa, saboda halin da ya nuna wa baƙi shi zai nuna mana.

Akwai abu guda da ba na ɗaga wa ƙafa. Duk wanda na tarar ya baje rubutun manhajar tsohon wurin aikinsa ko kalmar sirrin abokin ciniki don ya burge, komai gwanintarsa ba na kiransa, domin bayanan mutane muke riƙe da su amana.