Ku karanta ƙwarangwal kafin ku ɗora masa tsoka

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, bari in ba ku labarin wautata, ko wani zai tsira.

Ranar da na fara buga umarnin django-admin startproject, wanda ke fara sabon aiki a Django (kayan gina shafukan intanet da yaren Python), daɗi ya kashe ni. Kafin ƙiftawar ido ga ƙwarangwal ɗin aiki a tsaye, fayil shida cif. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na shiga rubuta nawa, na gama, na tura komai GitHub (shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu) a fili, har ina nuna wa abokai.

Ashe a cikin settings.py akwai SECRET_KEY, mabuɗin sirrin da Django ke amfani da shi wajen sa hannu a kan abubuwa irin su mahaɗin sauya kalmar sirri. Ƙasa da shi kaɗan ga DEBUG an kunna shi, wato da zarar shafi ya samu matsala, duk wanda ya ziyarta zai ga cikin aikinka tsirara. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, masu Django sun rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro a saman kowane ɗaya daga layukan nan biyu. Laifina ne, ban karanta ba. Da wani babban yaya a sana'ar ya ankarar da ni, sai na goge layin na sake turawa, ina ganin shi ke nan. Ya yi dariya. Git, manhajar da ke adana tarihin duk sauyin da aka yi wa aiki, ba ya mantuwa, tsohon mabuɗin na nan kwance a tarihin aikin. Dole na ƙirƙiri sabo, na fitar da shi daga cikin fayil ɗin gaba ɗaya.

Yanzu kafin in rubuta ko harafi ɗaya, sai na buɗe kowane fayil na tambayi kaina me yake yi a nan. Sannan in duba .gitignore, fayil ɗin da ke gaya wa Git abubuwan da kada ya adana. Umarnin cargo new na yaren Rust yana ƙirƙirar fayil ɗin da kansa, na Django kuwa ba ya yi, kai za ka rubuta. Bayan na cire sirrin, sai in adana ƙwarangwal ɗin a Git shi kaɗai, don gobe in iya bambance abin da na'ura ta rubuta da abin da hannuna ya ɓata.

Kuskurena na biyu kwaɗayi ne. Na ɗauko wani ƙaton samfuri daga intanet, da Docker da kayan gwaji da abubuwan da ko sunansu ban sani ba. Da ya lalace, mako biyu ina lalube cikin duhu.

Kuma ku sani kayan nan suna tsufa. Create React App, kayan fara sabon aiki a React (kayan gina fuskar shafukan intanet), da muka riƙa rantsuwa da shi tun 2016, a watan Fabrairun 2025 masu React suka sanar da daina ba da shawarar amfani da shi. Don haka idan kun ga umarni a wani tsohon darasi, ku leƙa takardun masu kayan tukuna ku ga ko har yanzu shi suke cewa a buga.